Gwajin da Taras Ya Faɗi da Gangan

Ituna, Saskatchewan
9 ga Satumba, 1998

Taras ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Colleen. Takardarka ta iso ranar Litinin. Sau uku na karanta ta, ba don daɗinta ba, sai don rubutun hannunka har yau bai gyaru ba. Uwarka ta yi fama da shi har ta bar duniya.

Ni ina nan yadda ka bar ni. Gwiwar hagu tana sanar da ni ruwan sama tun kafin rediyo ya faɗa. An fara yankan alkama, maƙwabcina Metro ya ce ta yi kyau, amma ka san Metro, ko gonarsa ta ƙone zai ce ta yi kyau. Kwamitin gari sun sake ba ni aikin kula da ƙanƙarar filin hoki, wasan nan namu na sanda a kan ƙanƙara, a hunturun bana. Kuma kar ka sake ce min in sa waya a gida. A waya mutum yana magana, kafin in kama farkon zancensa ya kai ƙarshe. A takarda ina iya komawa baya.

Yanzu abin da ka tambaya. Ka ce ƙungiyarku ta kawo sabuwar likita, kuma kafin a fara kakar wasa za ta zaunar da kowa ta gwada masa kai: ta karanta kalmomi goma sha biyu a maimaita mata, ta faɗi lambobi a dawo mata da su ta baya, a haɗa ɗigo da fensir tana duba agogo. Ka ce za ta ajiye makin kowa. Duk ranar da aka bugi mutum a ka, sai ta sake gwada shi, in bai kai makinsa na farko ba, ba zai taka ƙanƙara ba. Kana tambayata yadda za ka shirya ka ci maki mai kyau. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Ka saurara. Shekara biyu na yi ina karatun lissafi a jami'a a Saskatoon kafin in watsar in bi hoki, kuma ɗan abin da ya rage min daga can ya isa in gane wannan. Ba da sauran mutane za ta auna ka ba, da kanka za ta auna ka. Duk wanda ya zage ya ci maki mai yawa a Satumba, ya gina wa kansa katangar da ba zai iya haurawa a Fabrairu ba. Kai ba a ɗauke ka don ka zura faifai, wato ƙwallon hoki, a raga ba. Kai dogari ne, kamar yadda na kasance. Aikinka in wani ya taɓa ɗan lelen ƙungiya, ka zubar da safar hannu ka daki fuskarsa, shi ma ya daki taka. Za a same ka a ka sau ashirin kafin bazara. In kowane bugu zai zaunar da kai mako biyu, kafin Kirsimeti sun kawo wani ƙato daga Alberta ya sa rigarka.

Saboda haka ka faɗi gwajin, amma da dabara. Cikin goma sha biyun ka tuna biyar. Lambobin ka tsaya a huɗu. Fensir kuwa ka ja shi a hankali kamar kana jin tausayin takardar. Kar ka wuce gona da iri ta gane. Ba wanda zai yi mamaki, dama ba su zaton dogari yana da abin kirki a cikin kai.

Ka ƙona wannan takarda.

Kawunka,
Orest

* * *

Michigan
4 ga Oktoba, 1998

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwa? Mu nan lafiya lau. Kafin komai: Colleen tana da ciki, an ce ƙarshen Mayu. Ta ce in gaya maka in namiji ne ba za a sa masa Orest ba, kar ka sa rai.

Na yi yadda ka ce. Sunan likitar Dakta Ferrante, 'yar ƙaramar mace mai tabarau, ba ta dariya. Ta karanta kalmominta ta ce, "To, Taras, faɗo min su." Na ce, "Doki. Tebur. Lemo." Sai na tsaya ina kallon rufin ɗaki. Ta ce, "Kar ka yi gaggawa." Na ƙara mata biyu na yi shiru. Kawu, na rantse maka sauran bakwai ɗin suna kan harshena, a jere, har ƙaiƙayi suke min. Ta rubuta wani abu, ta dube ni ta saman tabarau da irin kallon da ake yi wa tsohon kare.

Da na fito, Gaetan mai tsaron ragarmu, ɗan Kwibek ɗin nan da na ba ka labari, yana zaune yana ɗaure takalmi. Ya tsokane ni da asalin kakanninmu ya ce, "Kai ɗan Yukren, nawa ka ci?" Na ce biyar. Ya ce, "Biyar? Akuyar kakata ta fi ka, kuma ta mutu tun bara." Na ce shi nawa. Ya ce sha ɗaya, yana ta buga ƙirji. Na ce, "To, shugaban malamai, ka yi ta addu'a kar faifai ya same ka a goshi."

Mun yi wasan gwaji huɗu, na yi faɗa biyu, ban faɗi ko ɗaya ba. Koci ya ce bana shekarata ce. Ban gaya wa Colleen maganar gwajin ba, ka san halinta.

Ɗanka,
Taras

* * *

Michigan
20 ga Fabrairu, 1999

Kawu,

Ka yi haƙuri da shiruna. Takardunka uku duk sun zo, da ƙunshin tsiran da ka aiko na Kirsimeti, Gaetan ya cinye rabi. Tafiya ce ta yi yawa, kullum muna cikin bas. Colleen lafiya, ciki ya fito sosai, yanzu sai ta riƙe ƙugu kafin ta tashi. Ina fata sanyin can bai takura maka ba.

Ga labarin da zai ba ka dariya. Ranar sha biyu ga wata muka kara da wasu da ke da wani dogari, Rourke, tsayinsa kamar ƙofar rumbu. Ya tura kyaftin ɗinmu a jikin katanga ta baya, to ka san sauran. Muka zubar da safar hannu. Na ba shi uku masu kyau, sai ya cire min hular kwano, ƙafata ta zame, ƙeyata ta sauka a kan ƙanƙara shi kuma yana kaina. Abin da na tuna bayan nan, ina zaune a ɗakin canza kaya ina tambayar Gaetan wa ya ci wasan. Ya ce, "Sau shida ke nan kana tambayata. In ka ƙara zan fara karɓar lada."

Bayan kwana biyu Dakta Ferrante ta kira ni gwaji. Wannan karon ban yi wasa ba, na zage iya ƙarfina, don ina tsoron kar in gaza biyar ɗin. Ka san nawa na samu? Bakwai! Ta duba takardar Satumba, ta duba ta yau, ta ce, "Abin mamaki, ka fi yadda kake da." Na ce, "Likita, ai bugun ne ya daidaita min kayan ciki." Ta sa hannu in koma wasa. Wasa uku na yi tun daga nan. Kawu, kanka yana ja.

Ɗan abin da ya rage kawai, haske yana damuna, sai na sa baƙin tabarau in za mu shiga kanti. Shekaranjiya ma na tsaya a mararraba kusa da gida na rasa hagu zan yi ko dama, har na baya suka yi ta danna min ƙaho. Kuma na yi wa Colleen tsawa don tana kaɗa cokali a kofi. Na ba ta haƙuri. Gajiya ce, za ta wuce.

Taras

* * *

Michigan
28 ga Fabrairu, 1999

Kawu!

Gaisuwa a tsaye, bas na jirana. Kowa lafiya. Zauna kafin ka karanta. Dogarin babbar ƙungiyar da tamu take ƙarƙashinta ya karya hannu. Jiya koci ya kira ni ofis ya rufe ƙofa ya ce, "Kar ka yi wauta a watan Maris, ka ji? Ranar ɗaya ga Afrilu za su ɗauke ka sama, wasa shida na ƙarshe." Babbar gasa, Kawu. Wasan farko ranar Asabar uku ga Afrilu, da rana, za a sa a rediyo. Ka je gidan Metro, nasa ya fi kamawa. Ina da shekara ashirin da takwas, ni da na cire rai. Da ma Mama tana nan.

Taras

* * *

Ituna
1 ga Maris, 1999

Taras,

Ina gaishe ku. Ba zan tsaya maganar gwiwa ba. Takardarka ta ashirin ga Fabrairu tana gabana, kuma ban yi dariya ba.

Ɗauki fensir ka yi lissafin da ba ka yi ba. A Satumba goma sha biyu suna kanka, ka ba ta biyar. A Fabrairu ka zage iya ƙarfinka ka samu bakwai. Likita ta ga an tashi daga biyar zuwa bakwai. Ni da kai mun san an sauko ne daga sha biyu zuwa bakwai. Biyar sun tafi, kuma a duniya mutum biyu kawai suka san sun tafi.

Akwai abin da na ɓoye maka, yau zan faɗa. A 1969 aka buga kaina da katanga a wani gari a Ontario. Lokacin ba ma sa hular kwano, wanda ya sa ma dariya ake masa. Aka shaƙa min wani abu mai wari na farka, washegari na yi wasa. Haske ya dame ni, na ce gajiya ce. Bayan kwana goma aka sake samuna a wuri ɗaya. Daga wannan bugu na biyun ban sake zama mutumin da ya shiga jami'a ba. Littattafan lissafina suna nan a kan kanta. Ina buɗe shafi in ga rubutun hannuna a gefe, in kasa gane abin da nake nufi. Kai an gaya maka matata Lesia ta bar ni ne don ba ta son zaman ƙauye. Ƙarya ce, ni na ƙirƙira ta. Ta tafi ne ranar da na jefe ta da buta don tana tauna tuffa da ƙara. Ka tuna abin da ka rubuto min a kan cokalin Colleen.

Kuma aikin ƙanƙara, an karɓe shi tun Janairu. Na kunna ruwa zan yi wa fili sabon shafin ƙanƙara, sai kawai na tsinci kaina a tsakiyar fili da tiyo a hannu ban san me ya kawo ni ba. Ruwa ya shiga har ɗakin injin. Duk ƙofofin kabad ɗin kicin ɗina akwai takarda a manne, an rubuta abin da ke ciki. Wannan takardar ma kwana biyu na yi ina rubuta ta.

Na san duk wannan a Satumba, amma na ba ka waccan shawara. Na ji daɗi ne an tambaye ni abu, na ji kaina ya yi aiki sau ɗaya a shekara. Ba ni da wani uzuri da ya wuce wannan.

Ka je wurin likitar nan ka gaya mata gaskiyar makinka. Ka zauna har ƙarshen kakar wasa. Bugu na farko ba shi ne abin tsoro ba, na biyun ne, in ya zo kafin na farko ya warke.

Orest

* * *

Ituna
8 ga Maris, 1999

Taras,

Gaisuwa. Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Yau na karɓi taka ta kiran babbar ƙungiya. Na san kana jiran in ce na yi murna.

Wannan kira ba naka ba ne. Ba Taras suke kira ba, hannu suke nema ya maye gurbin hannun da ya karye. Wasa shida a ƙarshen kaka, kowace ƙungiya da za ku haɗu da ita tana da dogarin da ya fi Rourke, kuma kowannensu zai so ya gwada sabon zuwa a daƙiƙar farko. Haka al'adar take, ka sani. Da kan da ke rasa hanyar gida za ka tsaya gabansu?

Kar ka je.

Orest

* * *

Michigan
15 ga Maris, 1999

Kawu,

Mun gode da gaisuwa, muna lafiya. Takardunka biyu sun zo rana ɗaya.

"Wannan kira ba naka ba ne." Na karanta layin nan a cikin mota a bakin gidan waya, na kasa tayar da motar. To na wa ne? Shekara tara ina kwana a kujerar bas. Hancina ya karye sau huɗu. Yatsun hannun dama ba sa rufuwa da safe sai na sa su a ruwan zafi. Duk wanda muka fara tare ko ya hau sama ko ya koma gida yana sayar da taya. Yau an kira sunana, kai kuma da ka ɗaura min takalmin ƙanƙara na farko ka ce ban cancanta ba.

Bari in faɗi abin da ke raina. Shekara sha ɗaya ka yi a ƙananan ƙungiyoyi, ba a taɓa kiranka ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da nake ƙasa tare da kai, ni ɗanka ne, kana aiko min tsire da dabaru. Yanzu da zan wuce inda ka tsaya, sai ka tuno da buta da tiyo. Me ya sa ba ka ba ni wannan labari a Satumba ba?

Ka ce in je in gaya wa likita. Wa ya koya min cewa dogari ba ya kai ƙarar jikinsa? Wa ya ce min ciwo a ɗakin canza kaya yake tsayawa, ba ya fita ƙofa? Ina ɗan shekara sha biyar na yi wasa da karyayyen haƙarƙari, kai ka naɗe min shi da hannunka ka ce kar in gaya wa Mama. In na buɗe baki yanzu, ba wannan kiran kawai zan rasa ba. Ba kocin da zai sake yarda da dogarin da ya kai kansa wurin likita.

Kaina ya yi sauƙi. Ciwon sai da yamma kawai yake zuwa. Wasa ɗaya nake so, Kawu, ko da minti uku ne, a rubuta sunana a littafin gasar, abin da za a haifa min ya gani wata rana. Bayan nan in sun ga dama su jefar da ni.

Kar ka rubuta wa Colleen. Cikinta wata bakwai.

Taras

* * *

Ituna
22 ga Maris, 1999

Taras ɗana,

Ina gaishe ka. Ina nan da rai.

Ban ce ba ka cancanta ba. Ka cancanta tun shekara biyar da suka wuce. Amma ba zan ɓata takarda ina gyara maka karatu ba, lokaci ya ƙure.

Maganar hassada, na zauna da ita yini guda. Na tambayi kaina tsakani da Allah. Akwai ta, ba zan yi maka ƙarya ba. Ranar da na karanta takardar kiranka wani abu ya soke ni a ƙirji wanda ba tsoro ba ne. To ka cire ta ka ajiye gefe, ka sake duba lissafin. Har yanzu bakwai ne cikin sha biyu. Kuma mutumin da kansa ya warke ba ya cewa ciwon sai da yamma kawai yake zuwa.

Ban rubuta wa Colleen ba. Na rubuta wa Dakta Ferrante. Yau da safe Metro ya kai ni Melville a motarsa, na aika ta hanyar gaggawa, an ce kwana uku. Na gaya mata makinka na Satumba na bogi ne, ni na tsara maka yadda za ka yi, kalma nawa, lamba nawa. Na kwafe mata abin da ka rubuto a kan haske da mararraba. Na sa cikakken sunana. Ina gaya maka ne don kar ka zargi Gaetan ko wani a ɗakinku.

Na san dokar ɗakin canza kaya. Ni na koya maka ita, kamar yadda wasu marasa haƙora suka koya min. Na ga inda ta kai su. Ɗaya yana gidan tsofaffi a Yorkton yana ɗan shekara sittin, bai san sunan 'yarsa ba. Ba ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙungiyoyin da muka zubar wa jini da ya taɓa zuwa duba shi.

Uwarka da za ta mutu ba ta ce min in kai ka babbar gasa ba. Cewa ta yi in kula da kai. Shekara goma sha uku ina fassara maganar yadda ta yi min daɗi.

Ka tsane ni in kana so.

Kawunka,
Orest

* * *

Ituna
20 ga Afrilu, 1999

Taras,

Gaisuwa gare ka da Colleen, da fatan nauyi bai yi mata yawa ba. Ƙanƙara ta narke, hanyar gidana duk taɓo. Wata guda ke nan ban ga rubutunka ba. Kullum ina zuwa gidan waya, har matar da ke wurin ta fara girgiza min kai tun daga taga don kar in wahala shiga.

Ranar uku ga wata na je gidan Metro. Muka zauna a kicin, matarsa ta kawo shayi. Mai rediyo ya karanto sunayen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Ba naka. A wurin da ya kamata ka kasance an sa wani yaro daga Alberta. Minti biyu da fara wasa aka gwada shi da faɗa, kamar yadda na ce. Metro ya rage murya ya dube ni ya ce, "To, malam mai lissafi, ka samu abin da kake so. Sha shayinka mana." Na kasa ɗaga kofin.

Gari duk ya sani. Metro ba ya iya riƙe magana. A shagon kofi tsohon Slawko ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Orest, da gaske ne ka kai ƙarar ɗan ƙanwarka? Mutum ɗaya tak da garin nan zai ji sunansa a rediyo?" Na ce masa, "Slawko, kai ko a kan ƙanƙarar tafki ba ka taɓa tsayawa da ƙafa biyu ba, rufe min baki." Amma ba wanda ya matsa min kujera. Yanzu a gida nake shan kofi.

Ban san me ya faru a can ba. Ban sani ba ko likita ce ta hana ka, ko an sake buge ka kafin takardata ta isa. Wannan na biyun shi ne ke hana ni cin abinci. Ba na neman ka yafe min. Layi ɗaya ya isa, ko Gaetan ne ya rubuta.

Orest

* * *

Michigan
11 ga Yuni, 1999

Kawu Orest,

Colleen ce ke rubutawa. Ina gaishe ka. Taras yana zaune a gefena, shi ke faɗa ni ina rubutawa, ya ce kar in ƙara komai kar in rage. Ga maganarsa.

Kawu, an haifa mana mace ranar ashirin da bakwai ga Mayu. Tana lafiya, uwarta ma haka. Sunanta Halyna, sunan Mama.

Takardarka ta isa wurin likita ranar ashirin da biyar ga Maris. Ta kira ni ta ajiye ta a gabana ta ce, "Wannan gaskiya ne?" Na ce tsoho ne, kansa ba daidai yake ba. Ta ce, "To bari mu gani." Ta kawo sabbin kalmomi. Na samu shida. Ta sa ni in tsaya da ƙafa ɗaya in rufe ido, na faɗi a kan kujerarta. Ranar aka karɓe min takalman ƙanƙara. Koci bai ko dube ni ba. A watan Mayu ƙungiya ta sallame ni, kuma ba wadda ta kira.

Ka ce kana son sanin ko an sake buge ni. Ba a sake ba. Yanzu sai ka ci abinci.

Ban yafe maka ba. Ba na jin zan yafe. Minti uku na roƙa, kai ka yanke cewa ba zan samu ba, kuma ba zan taɓa sanin ko da na fita lafiya ba. Kai ma ba ka sani ba, duk lissafinka. Ba za mu zo girbi ba, kar ka gyara ɗaki.

Ranar haihuwa na kasa tsayawa a ɗakin, fitilun sun yi min yawa, a waje na zauna da tawul a ka. In jaririyar ta yi kuka sai in fita bayan gida har ta yi shiru. Likita ta ce zai iya raguwa zuwa hunturu, zai iya ƙin raguwa. Colleen ta san komai yanzu, har maganar buta.

Kar ka ƙara rubuto takarda da sunana. In kana da magana ka sa sunan Colleen a ambulan. Dama ita ke karanta min tun Afrilu, layukan ba sa tsaya min wuri ɗaya.

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya tashi ya fita.

Kawu, wannan nawa ne, bai san na ƙara ba. Jiya ya riƙe Halyna minti ashirin, tana barci a ƙirjinsa, har ya ce in auna lokacin. Ka ci gaba da rubutowa. Ka riƙa yin manyan baƙaƙe, da tazara tsakanin layuka.

Colleen